Matacin Baya Yana Yamai

Surukina ido ɗaya gare shi. Na hagun, karan dawa ya tsone shi tun yana saurayi a gonarsu ta Tirmini, na daman kuwa shi ne duniyarsa. Ni malamar fizik ce a wani lise, wato makarantar sakandare, cikin Damagaram, kuma tun ina ɗaliba nake da cutar son kallon rana. Ba irin kallon husufi ta gilashin masu walda ba, a'a. Akwai wani siririn jan haske da iskar haidurojin ta jikin rana take fitarwa, masana na ce masa H-alfa. In ka tace duk sauran hasken ka bar shi kaɗai, sai ka ga rana da gashi-gashi a jikinta, harsunan wuta suna tashi daga gefenta.

Da ƙanena da ke karatu a Faransa ya ce ya samo kayan kallon ranar na hannu, wata biyu muka yi muna ja-in-ja a talho. Iri biyu ne. Akwai ɗan ƙaramin madubin hange wanda komai nasa a rufe yake ciki, ka kafa ka duba, shi ke nan. Akwai kuma mataci biyu da ake ɗaura wa madubin da mutum yake da shi: babba a baki, ƙarami a baya kusa da ido. Kamar tatar kamu ne, rariya ta kama gari, ƙyalle ya kama abin da ya kuɓuce mata. Ƙanena ya ce in ɗauki ƙaramin. Na ce masa ƙaramin na yara ne, ni so nake in ɗaura kamara mai baƙi da fari in ɗauki foto in nuna wa ɗalibaina, tunda ina da madubina mai faɗin baki. Ya ce, "Yaya, taurin kanki dai!" Na ce gado ne, shi ma ya samu rabonsa.

Matacin baki ya iso ta hannun wani ɗan unguwarmu. Na bayan kuwa ya maƙale a Yamai cikin jakar wani matafiyi daban. Na ɗaura na bakin don in ga ko ya zauna, na bar madubin a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, na yafa masa zane. Na kuma ce wa maigidana, baki da baki, kada kowa ya taɓa, saura ɗaya bai zo ba. Ya ce "To, to," idonsa na kan fatun da yake yanka. Mutumin nan in yana aiki ko gobara ka ce masa sai ya ce to.

Ranar Alhamis na dawo daga lakwal, inda nake koyarwa, wajen hantsi. Tun daga zaure na ga takalman Baba, surukin nawa. Ina shiga sai na ga madubin a tsakiyar fili, zanen a ƙasa, bakinsa na duban sama. Maigidana na tsaye yana washe haƙora, shi ga mai mata mai ilimi. Baba kuwa ya sunkuya, ya dafa gwiwa, ya manna idon nan guda a jikin gilashi.

Ban san sa'ad da na yar da jaka ba. Ni da ban taɓa wuce bakin ƙofa ba in zan gaishe shi, na kama kafaɗar surukina da hannu biyu na fizge shi. Ya yi taga-taga ya zauna daɓas a kan yashi, hularsa ta faɗi. Na juya madubin, na fuskanci ɗansa, wallahi ban san da wane baki na yi magana ba.

"Kai wane irin mutum ne? Na ce maka saura ɗaya! Kashe masa ido za ka yi?"

"Ke, a gaban Baba? Ai ga matacin nan a baki, ja wur. Ni ma na leƙa."

"Kai ido biyu gare ka!"

Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya miƙe, bai dube ni ba. Na durƙusa, na ce, "Baba, don Allah, kun daɗe kuna dubawa?" Ya ce, "Ba komai, 'yar nan." Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba, ya sa takalmansa ya nufi tasha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san abin da su ba su sani ba. Can bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi. Rana za ta iya ƙona shi mutum yana murmushi, sai bayan sa'o'i, ko washegari, duhun ya bayyana. Matacin baki yana rage hasken har ido ya daina ƙiftawa, ya sakankance, alhali abin da ke wucewa ya isa ya yi ɓarna. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har tuwon da na tuƙa ranar ban iya kai loma ba. Maigidana kuwa fushin kunyar da na ba shi yake, ya ce ya kira ƙanwarsa, ta ce Baba lafiyarsa lau, har ya je masallaci. Na ce Baba ko ƙafarsa ta karye lafiya lau zai ce.

Da safe ban je aji ba. Na hau motar Tirmini ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba. Duk hanya addu'a nake, in kama wannan in saki in kama waccan. Na same shi a inuwar rumbu, ya baza gyaɗar iri a faifai, amma hannunsa ba ya motsi. Na gaishe shi. Ya aiki surukata ta ɗebo ruwa, ya jira har ta ɓace.

Ya ce, "Waccan akwiyar da ke ɗaure, ina ganin ƙafafunta, ina ganin turken. In na dubi kanta sai wani abu kamar ƙuda ya zauna a wurin. Na wanke ido, bai tashi ba."

Na ce, "Baba, mu tafi likita yanzu. Wani lokaci yana raguwa, amma sai an duba." Ina maganar hawaye na shiga mini baki.

Ya ce zai je, amma da sharaɗi. "Mijinki ba zai sani ba. Yaron nan murna yake, so yake ya nuna mini abin da matarsa ta iya. In ya ji shi ya yi mini wannan, ba zai sake ɗaga kai a gabana ba. Idon ya riga ya taɓu, kada ki haɗa mini da rasa ɗa."

Na buɗe baki. Ni da na kwana ina tara maganganun da zan zazzaga wa maigidan nawa in abin ya tabbata! Baba ya ce, "Kin ji ko?" Na ce na ji.

Muka shigo Damagaram, likitan ido ya ɗiga masa magani, ya haska, ya ce akwai ɗan tabo a tsakiya, mai yiwuwa ya dushe cikin watanni, mai yiwuwa wani abu ya saura, babu abin yi sai jira. Na kai Baba tasha, na riƙe masa ƙofar mota ya lalubi matakin da ƙafa.

Da na isa gida maigidana na zaune a zaure, fushin ya sauka, fuskarsa duk ta faɗa. Ashe shi ma bai yi barci ba. Ya miƙe tsaye kafin in cire takalmi.

"An ce kin je Tirmini. Yaya idon Baba?"

Na sunkuya ina kwance igiyar takalmi wadda ba ta ɗaure ba.

"Lafiya lau," na ce. "Yana gaishe ka."