Inna Mai Baho, Wadda Aka Ce Tana Sayar da Tausayi

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, Inna Mai Baho ta riga ta tsallake titi, bahon roba a ƙugu, jakar tawul da sabulu da safar hannu a kafaɗa. Aikinta shi ne yi wa tsofaffi da marasa lafiyar da suka kasa tashi wanka a gidajensu. Takan shiga ɗakin da 'ya'yan gida ke toshe hanci tun daga ƙofa, ta buɗe taga, ta gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ta juya mutum a hankali ta duba ko kwanciya ta fara cin bayansa. Ba ta taɓa yaye zane gaba ɗaya, inda take wankewa kaɗai take buɗewa. Yanzu bayanta ya gaza, likita ya hana ta ɗaga ko da bokiti, za ta ajiye aiki. Amma har yau akwai masu kiranta mai sayar da tausayi, kuma wannan sunan ne ya hana ni yin shiru.

Ba da kasuwanci ta fara ba. Da aikin ya yi mata yawa ta ɗauki mata biyu, da namiji ɗaya saboda maza marasa lafiya, sai maganar rajista ta taso: ƙungiyar agaji za ta zama ko kamfani? Wata ƙungiya mai tara tallafi ta ce ta shigo ƙarƙashinta a gwada. Za a ba ta mota, a biya ma'aikata, marasa lafiya ba za su biya komai ba. Wa zai ƙi? Inna ta yi murna har da guɗa.

Sharaɗin ɗaya ne, wai ƙarami: masu ba da kuɗi suna son ganin inda kuɗinsu ke zuwa. Aka haɗa ta da mai ɗaukar hoto.

A cikin waɗanda take yi wa wanka akwai Gwaggo Tela, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Macen da ta yi wa rabin mutanen layinsu ɗinki, wadda ko shara za ta zubar sai ta goge ɗankwali. Ita aka ɗauka da jiƙaƙƙen zane, kai ba ɗankwali, baki a karkace, aka watsa a wayoyi da rubutu a ƙasa cewa a taimaka. 'Yarta ce ta gani a wayar wata abokiyar aikinta. Da labarin ya kai kunnen Gwaggo, sai ta juya fuska bango, ta ƙi abinci, ta ƙi wanka.

Shugabar ƙungiyar ta zo da kanta, da turarenta da jakarta, ta tsaya nesa da gado. Inna na tsugune gefe tana jira Gwaggo ta wanke shugabar tas da faɗa, don ta san bakin Gwaggo. Sai ta ji tsohuwar ta ce, da muryar da ba tata ba, "Mun gode, 'yar nan. Allah ya saka."

Inna ta ce a ranar ne zuciyarta ta tafasa. An tozarta mutum, an kuma bar shi ba shi da bakin cewa komai sai godiya, tunda kyauta ake yi masa. A bakin ƙofa ta tare shugabar.

"Ranki ya daɗe, da mahaifiyarki ce za ki sa ta a waya haka?"

"Haba Inna, ai hoton nan ne ke kawo kuɗin sabulun da ke hannunki."

"To ku riƙe sabulunku. Ga makullin motarku."

Ta je ta yi rajistar kamfani, ta koma tafiya da ƙafa. Mai hali ya biya cikakke, marar hali ya biya abin da hannunsa ya kai, amma dole ya biya, kuma shi zai miƙa da kansa. Nan fa aka yi mata caa. Waɗanda ba su taɓa canja wa iyayensu zanen gado ba su ne a gaba wajen cewa ta mayar da lada jari. Aka daina gaishe ta a wasu gidaje. Wata ta faɗa mata a ido, gaban mutane, cewa har cutar tsofaffi ta zama mata abin ci. Inna ta koma gida ta yi kukanta, washegari ta ɗauki baho.

Ɗan'uwanta kuma, da ya ji kalmar kamfani, sai ya lallaɓo da nasa wayon. "Yaya, tunda kasuwa ce, ki bar gidajen da ba sa kawo komai, mu kama manyan gidaje, ni zan zuba kuɗi." Ta ce masa ya sha ruwa ya kama hanya.

Ban ce kowace ƙungiyar agaji haka take ba, ita ma ba ta faɗa ba. Zaɓin da ta yi kuma ya ci ta: ba tallafi, ga haraji, ga gidaje masu nisa da ƙafa ta kasa kaiwa, har yau idan ta tuna su idonta kan kawo ruwa. Amma 'yar Gwaggo Tela ta shaida abin da ya faru ranar da uwarta ta fara biya. Tsohuwar ta miƙa kuɗin da hannunta mai lafiya, ta sa yatsa a baho, ta ɗaure fuska.

"Ruwan nan ya huce. Kuɗina na biya, a sake ɗorawa."

Inna ta ɗauki bokiti ta nufi kicin tana dariya, hawaye na zuba.

Ke ce, Inna, kika mayar wa tsohuwar nan da bakinta. Ke ce kika ɗauki zagin da ba naki ba, daga bakin mutanen da ba za su iya yin minti biyu a ɗakunan da kike wuni ba. Uwar waɗanda ke kwance, mun gode, kuma muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba. Duk mai shirin kafa aikin taimako, ƙungiya zai yi ko kamfani, ya fara tambayar kansa abin da kika tambaya: wanda zan taimaka, zai iya ce mini ban yi daidai ba?

Da ta tara ma'aikatanta don miƙa musu kamfanin, babbar cikinsu ta dubi yadda take dafa bango kafin ta zauna, ta ce, "Inna, in lokacinki ya zo, mu za mu riƙa zuwa. Ke kam ba za mu karɓi komai a hannunki ba."

Inna ta harare ta.

"Ashe duk shekarun nan ba ku san ni ba. Zan biya, da hannuna. Kuma ku shirya, don wallahi sai na fi kowa mita."