Mesa a Ɗakin Mai Jego

Yayana ya karanci ilimin dabbobi a Gusau, kuma ban da takardar shaida, abin da ya fito da shi daga karatun wata 'yar mesa ce da ba ta wuce tsawon hannuna ba. Ba ta da dafi. Tana zaune a akwatin katako mai 'yan hujoji, da ƙwan lantarki a kusurwa yana ɗumama ta. A gidanmu ni kaɗai nake iya tsayawa kallonta. Zanen bayanta yana kama da lallen da ya kama sosai, idan ta motsa sai in ga kamar ruwa ne yake tafiya a hankali.

Da zai tafi bautar ƙasa sai ya damƙa mini ita. "Sanyi yana kashe ta, zafi ma haka," ya ce. "Gefe ɗaya ɗumi, ɗaya gefen a bar shi. Ki riƙa taɓawa da bayan hannu, kamar ruwan wankan jariri." Na yi masa alkawari.

Ana tsakiyar sanyi babbar yayarmu ta haihu, ta tafi wankan jego gidan kakarmu a Rawayya, aka ce in bi ta in taya aiki. Na san in na bar mesar a Gusau, ranar da na dawo fatarta kawai zan tarar. Na lulluɓe akwatin da zane na hau mota da shi a cinya.

Kakarmu, wadda muke kira Inna, tun daga zaure ta ƙura masa ido.

"Ke 'yar boko, mi na na?"

"Ƙwan zabi ne, Inna. Ƙyanƙyasa nake gwadawa."

"Ba kaza? To, Allah shi ba mai rai abin kallo."

Gidan babu lantarki. Kwana kaɗan mesar ta naɗe wuri guda, ta daina motsi, har harshen nan da take leƙen duniya da shi ta daina fitarwa. Sai na lura da gangar ruwan jego. Kullum da safe Inna kan tafasa ta da ganyen darbejiya, tururi na tashi har saman katanga. Na fara ɗiba a kwalba, in naɗe da tsumma, in kwantar a gefen akwatin. Mesar ta zo ta rungume kwalbar. Da yamma in sake ɗiba.

Inna ba ta jure ganin ana aiki ba daidai ba. Wata safiya ina wankin kayan jariri, na shiga ɗakina ban ga akwati ba. Na same shi a ɗakin mai jego, manne da gadon ƙasar da aka cika ƙarƙashinsa da garwashi, ga kasko a ɗaya gefen. Ɗakin ya cika da mata 'yan barka, suna shan kunun kanwa suna share gumi.

"Kwalba ta taɓa ƙyanƙyashe ƙwai?" in ji Inna. "Nan za su samu wuta ta gaskiya."

Na taɓa katakon da bayan hannu. Kamar marfin tukunya. Babu gefen sanyi ko kaɗan.

"Inna, bari in ɗan ja shi baya."

"Bar shi nan, ja'ira. Ni da ke wa ya girmi wani?"

Wata ƙanwar babanmu ta aza ƙwaryar kununta a kai. Daga ciki na ji an ƙwanƙwasa marfi. Ita ma ta ji.

"Lah! Sun fara fitowa! Buɗe mu gani."

Na dubi jaririn, na dubi akwatin. In na yi shiru mesar za ta dahu, in na buɗe kuwa na san sauran. Na ce, "Goggo, ɗauke kununki tukuna." Na ja akwatin nesa da wuta, na ɗaga marfin.

Mesar ta miƙo kai tana neman iska.

Ban taɓa sanin ƙofar ɗakin nan tana ɗaukar mata uku a lokaci guda ba. Yayarmu, wadda tun da ta haihu ko moɗa sai an miƙa mata, ita ta fara isa tsakar gida da jaririnta a kafaɗa. Goggo ta fita da takalmin wata. Salati kuwa har maƙwabta.

Inna kaɗai ta rage, riƙe da muciya. Na durƙusa na rufe akwatin da jikina.

"Ba ta sara, Inna. Amanar Yaya ce. Sanyi take ji."

Ta sauke muciyar. "Wato ruwan jegon jikata kike ɗibar wa wagga aba?"

"Kwalba ɗaya ce."

"Biyu. Ina gani."

Ta hana mesar kwana cikin ɗaki. Amma ita ta nuna mini bayan madafa, inda bangon murhu yake riƙe ɗumi har gari ya waye, ga inuwar rumbu a ɗaya gefen. Nan mesar ta ƙarasa sanyin, ta yi saɓa, ta yi ƙiba.

Ranar arba'in, da aka zo raba naman mai jego, Inna ta miƙo mini nawa a gaban kowa. "Ungo," ta ce. "Masu jego biyu muka yi bana."