Faifan da Na Cire

Har yau ban manta da ranar da injiniya ya buɗe kan na'urarmu ta hoton haƙori ya tambaye ni ina faifan yake ba. Lokacin ni ke ɗaukar hoto, wanda mutanen Bangui ke kira radiyo, a wani ƙaramin asibitin haƙori bayan Titin Koudoukou.

Na'urar tsohuwa ce, hotunanta suna fitowa fari-fari. Ni kuwa akwai karambani. Wata rana na kwance bakinta, na tarar da wani siririn faifan alminiyam ya tare hanyar haske. Na ce lallai shi ne ɓarawon, na zare shi na jefa a aljihun tebur. Hotuna suka yi kyau, Dokta, likitan haƙorinmu, ya yaba, ni kuma na yi ta hura hanci ban faɗa wa kowa dabarar ba.

Ashe faifan matatar haske ne. Yana tare rarraunan haske, wanda ba ya ratsa ƙashi ya kai ga fim, sai dai ya tsaya a fata ya ci ta.

Abin riƙe fim ɗinmu ya daɗe da karyewa. Yaya Hajara, ma'aikaciyar jinyarmu, ita ke sa yatsa ta danne wa tsofaffi fim a baki, don hannunsu na rawa. Doka ta hana, amma duk mun kau da kai. Kusan shekara biyu tana haka.

Da na miƙa wa injiniyan faifan, bai yi faɗa ba. Ya tambayi wa ke riƙe fim, na ce Yaya Hajara, ya ce ta kawo hannunta. Ba ta rabuwa da lalle, shi ya ɓoye mana jan da fatar ta yi. Yatsu biyu sun tsattsage, farce ya lanƙwashe. Ita duk zatonta ruwan Javel ne, sinadarin da muke wanke kaya da shi.

An mayar da faifan a ranar. Yatsun ba su warke ba, har yanzu likitan fata na duba su don tsoron abin da ka iya biyo baya. Da na je ba ta haƙuri, ta daɗe tana kallon hannun.

"Ƙanena, da ka tambaya," ta ce. "Dokta yana ɗaki na gaba."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbi: a aikin nan kyan hoto ba ya nuna ka yi daidai. Abin da ba ka san amfaninsa ba, tambaya kafin ka cire. Ni na cire, a hannun wata ya ƙare.