Keken Sharfaddeen da Alherin Surukinsa

Ranar da na fara hawa keken Sharfaddeen ita ce ranar da na daina. Sai da na yi wata da watanni ina naci kafin ya yarda, shi ma don ni taubashinsa ne, kuma ya gaji da bakina. Ya ce in tuɓe babbar riga, na ce girmana ya wuce nan. Ya zura mini ƙafafu cikin wasu madaurai na fata da ke jikin feda, ya ja ya ɗaure, ya ce in zan tsaya in fara sassauta su. Na miƙe daga rumfar facinsa har wajen rijiyar Kusugu, iska na kaɗa riga, ina jin kaina wani. Da na zo daidai teburin mai shayi inda 'yan majalisarmu ke zaune, na ja birki don a gan ni da kyau. Keke ya tsaya cak, ƙafa ta ƙi fita. Haka na tafi a hankali kamar iccen da aka sare, ina yi musu sallama, na kwanta a gabansu. Sharfaddeen ya iso da gudu, ya ɓanɓare ni daga jikin kekensa kamar mai cire kaska, ya ɗaga shi yana shafawa. Sai da ya gama duba shi kaf ya tambaye ni ko na ji ciwo.

Don in wanke kaina, na karkaɗe riga na ce wa majalisa, "Ai wannan ba keke ba ne, rabin keke ne. Ƙarfin mai shi ne ya ƙare kafin ya kai ga kariyar ɗora kaya da jak na tsayarwa." Aka yi ta dariya, har mai shayi ya ƙara mini madara. Ganin maganar ta karɓu, na riƙa maimaita ta duk inda na zauna.

Sharfaddeen mai faci, gado ya yi. Ubansa, Malam Lawal, shi ke gyaran keken rabin birnin Daura lokacin da mai keken Rali yake mai arziki. Tun Sharfaddeen bai iya karatun allo sosai ba ya iya tsoma tub cikin kwanon ruwa ya gano inda iska ke fita. Yana da kunne irin na makaɗi: in ya juya taya ya kara yatsa a jikin sufok, siraran wayoyin nan na cikin taya, daga ƙarar kaɗai yake sanin wanda ya saki. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga babura sun cika gari kamar fari. Abokan sana'arsa duk suka koma gyaran babur, wasu suka kama acaɓa. Shi ya ƙi. Ya ce abin da sai an ba shi mai yake tafiya, ba abin hawa ba ne, iyali ne. Aka bar masa tsofaffi masu kai nono da gero kasuwa, da malaman firamare a ƙarshen wata.

Wata rana yana tonon kayan gwanjo a kasuwar Mai'aduwa, cikin tarin tsofaffin firji da fankoki da aka shigo da su ta Nijar, ya ci karo da wani firam na keke, ba taya, ba sirdi, ba kai. Ya ɗaga shi, ya kusa faɗuwa baya, domin ya tattara ƙarfin ɗaga ƙarfe sai ya ji kamar kara ya ɗauka. Na alminiyam ne, irin na 'yan tseren ƙasashen waje. Mai kayan ma bai san abin da yake sayarwa ba, ya haɗa masa da murfin tukunya a matsayin gyara.

Daga nan Sharfaddeen ya shiga farauta. Kan keke mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, a Zango ya same shi, wani ya mai da shi maratayin guga. Giyar canjin gudu ta baya, wani direban da ke zuwa Damagaram ya kawo masa, bayan ya kawo wadda ba ita ba har sau ba adadi. Rim ɗin taya ɗaya daga Kano, ɗayan daga Maraɗi, launinsu bai zo ɗaya ba, ya zauna ya kankare su har suka yi kama da tagwaye. Ikilima, 'yarsa ta fari, tana rarrafe aka fara wannan aiki, tana zuwa Islamiyya da ƙafarta aka gama. Matarsa Haulatu ta ce da ma mota ce, da ta san abin da za ta gaya wa 'yan'uwanta.

Da ya gama, ya yi masa fenti ruwan ƙwai. Babu madigadi, babu ƙararrawa, babu jak na tsayarwa, babu kariya ta ɗora kaya a baya. Duk da gangan. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ka taɓa ganin an ɗora wa barewa mangala?" Aka yi masa surutu a kan gajeren wando matsattse irin na 'yan tsere, wai al'aura ce, kuma gaskiya ne, sai ya sa tela ya ɗinka masa wanda ya sauka ƙasan gwiwa, aka cusa soson katifa a mazaunai. Da wannan wandon yake fita bayan sallar asuba, ya sunkuya kamar mai neman allura, ya je Zango ya dawo. Direbobin tasha har yau suna musu a kan ko ya taɓa wuce motar ɗan'uwansu Sama'ila a hawa, ko kuwa motar ce ba ta da lafiya a ranar.

Ran Juma'a bayan an sauko, yakan rataye keken a bakin rumfa, ya sa a zo a gani. Ya ɗaga shi da ɗan yatsa ɗaya. Ya juya tayar baya ya ce a yi shiru a saurari ƙarar, tsit tsit tsit kamar agogo. Mutumin da duk rayuwarsa a durƙushe yake gaban tayoyin mutane, a wannan sa'a kaɗai yake miƙewa tsaye ana kallonsa.

Abu ɗaya ne ya hana shi barci: aro. A garin nan keke ba na mai shi ba ne shi kaɗai. Maƙwabci zai kai niƙa, ɗan'uwa zai je gaisuwar mutuwa, ka hana a ce ka yi arziki ka manta mutane. Sharfaddeen ya hana. Ya hana liman, ya hana mai unguwa, ya ce kowa ya ɗauki tsohon Ralin babansa ga shi can a jingine. Aka sa masa suna marowaci, ya amsa. Ya sani sarai firam ɗin nan ba shi da na biyu, kuma abin da ya same shi babu mai gyarawa daga nan har Kano. Da dare a ɗakinsa yake rataye shi, sama da gado.

To, akwai mutum ɗaya da ba a yi masa shiri ba. Malam Ɗantsoho, mahaifin Haulatu, manomi ne a wani ƙauye gefen Dutsi, dattijo mai yawan alheri, irin alherin da ba ya sallama kafin ya shigo. Ya zo Daura duba jikokinsa a ranar da Sharfaddeen ya tafi Kano neman siraran tayoyi. Ya ce wa 'yarsa ta sauko masa da keken nan da ake ta magana. Haulatu ta ce, "Baba, ba ya so a taɓa." Ya ce, "Ni ma ba hawa zan yi ba. Sauko da shi." Wace ɗiya ce za ta maimaita wa ubanta a'a?

Tsoho ya dubi keke gaba da baya, ya girgiza kai, tausayi ya kama shi. Ya zo da zabi guda biyu da niyyar a yanka wa yara, sai ya fasa, ya kai su kasuwa. Ya tura keken har rumfar wani mai walda a hanyar tasha, ya ce a ƙarasa wa surukinsa abin da ya gagare shi.

Mai waldan nan ne nake so wata rana mu haɗu a inda babu masu rabo. Shi ya san alminiyam ba ya karɓar waldar ƙofa da taga, ko bai sani ba ai ya gani da ya ɗosana wuta wuri ya ɓule. Maimakon ya tsaya, sai ya ɗauko abin huda ya huda firam gefe da gefe, ya zura noti irin na amalanke, ya ɗaure kariyar ƙarfen rodi, ya maƙala jak. Inda wuta ta ci ya shafe da baƙin fenti. Tsoho ya ƙara da ƙararrawa daga aljihunsa, sannan ya ɗora buhun geron da ya kawo wa gidan, ya ɗaure da roba, ya turo shi bakin rumfar surukinsa don a ga aiki ya yi kyau.

Ina zaune a bencin rumfar Sharfaddeen lokacin da ya sauko daga mota, tayoyi biyu rataye a kafaɗa. Ya ga taro. Ya kutsa. Ya ga kekensa tsaye da ƙafarsa a karon farko, da buhu a baya, ga surukinsa zaune kan tabarma yana jan carbi, fuska cike da annuri.

Na ga tayoyin nan sun zame daga kafaɗarsa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar rijiya. Sai ya tuɓe takalma, ya durƙusa nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"Baba, an zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya damina?"

"Lafiya lau, Alhamdulillahi. Ka ga ɗan abin da na yi maka ko? Ba yawa. Namiji ba ya rasa mai rufa masa asiri. Da ka faɗa mini tun farko, ai da ba a kai haka ana yi da kai a gari ba."

Sharfaddeen ya ce, "An gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Kaɗa ƙararrawar ka ji."

Ya tashi ya kaɗa. Jama'a suka ce madalla da suruki irin wannan.

Sai da ya raka tsoho tasha, ya biya masa mota, ya tsaya har ta tashi. Ya dawo ya sauke buhu, ya kankare baƙin fentin da farce. Tsaga ta fito daga ramin noti ta zagaye ƙarfen kamar zare. Ya danna sirdi da tafin hannu, tsagar ta buɗe baki ta rufe. Ya shiga bayan rumfa, ya ɗauki wani tsohon rim, ya yi ta maka shi da ƙasa har ya koma kamar faifan da akuya ta taka. A gida kuwa, Haulatu ta gaya wa matata, tuwon geron nan kwana da kwanaki bai sa masa hannu ba, amma bai ɗaga mata murya ba, don ya san ba ta da yadda za ta yi.

Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne, mu mutanen nan ba mu iya ganin abu mu ƙyale shi yadda mai shi ya so shi. In bai ɗauki buhu ba, ba shi da amfani. In ya yi kyau, to, da saura, sai mun sa hannu. Mutum ya tsare abinsa daga ɓarawo, ya tsare shi daga maƙwabci, ya sha zagi, sai a zo a kashe masa shi da fatan alheri, kuma a tsaya sai ya yi godiya.

Har yau keken na nan rataye a bakin rumfa ran Juma'a. Ba ya hawuwa. Kariyar ma bai cire ba, domin mutanen Dutsi na shigowa kasuwa, kuma labari zai koma cewa ya raina kyautar dattijo. Yana goge shi, yana juya tayar baya a saurara. Ɗagawa da yatsa ɗaya ce dai ta ƙare, yanzu sai da hannu biyu. Ya koma bin kasuwar Mai'aduwa yana tona tarin gwanjo, gemu ya fara fari, bai sake samun irinsa ba.

Ran nan na same shi yana ɗaurin sufok, na zauna na ɗauko zancen, don ni abin bai huce mini ba.

Na ce, "Kai dai wallahi ba ka da zuciya. Ni ne, da na hau mota na je har Dutsi na gaya wa tsohon nan abin da ya aikata. Surukuta hauka ce? Wa ma ya ce masa keken bai ƙarasu ba?"

Bai ɗago ba. Ya kara yatsa a sufok, ya saurara, ya ƙara juyi ɗaya.

Ya ce, "Na tambaye shi a tasha. Ya ce a teburin mai shayi ya ji wani mai babbar riga yana rantsuwa ƙarfina ne ya ƙare. Shi zabinsa biyu ya sayar don ya rufa mini asiri, Zailani. Kai madara aka ƙara maka. Ɗaga, ka zaune mini sufana."