Murhun Namadi a Jabo

Tun muna yara Namadi ba ya zama wuri ɗaya. Ya yi acaɓa a Tambuwal, ya yi facin taya a Kebbe, daga baya ya ɓace zuwa wata masana'antar siminti. Mahaifiyarsa, Inna Hinde, ta gaji da leƙen hanya.

Bara ya dawo da sabon zance. Ya ce zai gina dogon murhu a tsaye, a zuba farin dutse da gawayi ta sama, a hura wuta ta ƙasa, a kwashi farar ƙasa. Wai daga nan sai siminti.

"Inna, in wutag ga ta kama, na zamna gida ke nan," ya ce mata.

Maganar nan ta riƙe.

Ya gina shi bayan gari, ya fi rumbu tsawo. Ranar zubi muka yi masa gayya, shi kuwa sarkin gaggawa ya hau babur ya tafi Dogon Daji ƙaro gawayi. Mu manoma ne, mun san yadda ake cika rumbu: a danna, a toshe kowace kafa, kada ɓera ya sami hanya. Haka muka yi wa murhun. Wansa Gazali har shiga ya yi yana tattakawa, muna cusa tsakuwa tsakanin duwatsun.

Ashe shi murhun nan da iska yake ci, dole a bar mata hanya ta hau. Da Namadi ya dawo ya kunna, wuta ta yi ta hayaƙi ta mutu. Namadi ya hura har idonsa ya yi ja, sannan ya hau ya leƙa.

"Wa yac ce ku danne shi?"

Gazali ya ce, "To, wa yac ce ka tai ka bar mu?"

Mun ce mu kwashe a sake zubi. Ina! Namadi ba ya yin abu sau biyu. Kafin sati ya bi motar albasa zuwa Kudu. Har yau haushinsa nake ji, wallahi.

Da kaka muka kwashe duwatsun, Gazali ya kawo jinka zai mai da shi rumbu. Inna Hinde ta tare ƙofar.

"Ko zangarniya guda ba ta shiga nan. Shina zuwa ya hura."

Gero na nan jibge a tsakar gida. Ita kuwa kullum da safe sai ta je ta share bakin murhun.