Manhajar da Ba Ta da Maigida

Dattijon yana zaune a kan benci a shagon Hanzala mai gyaran kwamfuta, nan cikin Sabo, rungume da kwamfutar da ya naɗo a buhun goro. Haƙoransa jajaye ne, hularsa ta koɗe, amma rigar ta sha guga. Hanzala bai san shi ba, sai dai yatsun nan, daga gani sun daɗe suna zaɓen goro.

Ya ce a sa masa manhaja: jikokinsa suna son gem, matarsa Hajiya tana son finafinai, shi kuma tafsiri. Hanzala ya zuba masa filas uku a tafin hannu, kowanne da manhajar da ke ciki: Ubuntu da Mint da Fedora. Ya ce duk Linux ne, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma kyauta ce.

Dattijon yana jujjuya su, yana auna nauyinsu, har ya kai ɗaya hanci.

"Kyauta? To wane ne maigidanta?"

"Baba, ba ta da mai ita. Mutane ne ko'ina a duniya suke haɗuwa suna gina ta."

"In ta lalace, wa zan kama?"

Hanzala ya sake duban yatsun nan. Wataƙila mutumin nan tunda yake bai taɓa karɓar kayan da ba wanda ya tsaya musu ba.

Dattijon ya mayar masa da filas ɗin, ya damƙe hannunsa gam.

"Ni ban gane ba, ɗana. Sa wadda ka ga dama. Kai dai na san shagonka."