Ƙofar da aka fasa wa Inna

Gidanmu na Mandawari ginin da ne. Ka shiga zaure, ka wuce soro, sai ka karya kwana kafin ka faɗa tsakar gida. Kakanmu da gangan ya yi shi haka, don kada mai wucewa a lungu ya hango matan gida. Ba mu taɓa ganin aibunsa ba sai da ɓarin jikin Inna ya shanye, aka sallamo ta daga asibiti da keken guragu. Ko ta ina aka juya keken nan, a kwanar yake cijewa. Ga kuma dokin ƙofa mai tsayi kamar an yi shi don awaki.

Inna kuwa ba mazauniya ba ce, da ƙafarta ba a suna ko gaisuwar mutuwa babu ita. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne rashin ganin aminiyarta, Hajiya mai daddawa, da ke ƙarshen lungunmu. Tare aka kawo su unguwar suna amare. Ita ma ciwon gwiwa ya zaunar da ita, sai zumuncinsu ya koma aike, wannan ta aiko da daddawa, waccan ta mayar da goro. Waya kuwa, Inna ta ce gulma ba ta daɗi a cikinta. Ranar asibiti yayyena maza ke ciccibarta su fitar, ita kuma ta tsani haka. Ta rantse ba za ta je gidan aminiyarta a hannun 'ya'ya kamar buhun gero ba.

Ana nan sai mai unguwa ya sanar cewa gwamnati ta ware tallafin gyara wa masu lalura gidajensu. Ni ban sa a ka ba, mun sha jin irinta. Babban yayana ne ya yi ta zarya, har mun manta, kwatsam sai ga masu aiki da siminti. Suka duba suka ce sai an fasa bango an miƙe hanya tun daga ƙofar waje, a sauke dokin ƙofa a yi gangara.

Baba ya ce atafau. "A rufe na gaji gidan nan. Ba ni zan mayar da shi kasuwa ba, kowane mai tallan ruwa yana ƙare wa iyalina kallo."

Inna na daga ɗaki tana ji. Ta ɗaga murya da harshen nan nata da ciwo ya nauyaya: "Malam, tun ina da haƙora kake ɓoye ni. Yanzu wa ya rage da zai leƙo? Bari a fasa, ko iska ta gan ni."

Baba ya saka takalmi ya fita. Bayan la'asar ya dawo daga kasuwar Kurmi da sabon asabari a hammata. Da aka gama aiki, shi da kansa ya hau kujera ya rataye shi a sabuwar ƙofar.

Ranar da simintin ya bushe, Inna ta sa na ciro mata atamfar ƙasan akwati, ta shafa turare. Na turo ta, keken ya gangara lungu salin-alin. Maƙwabta sai barka da fitowa suke yi, tana amsawa kamar wadda ta dawo daga Makka. Raina fes, har muka isa gidan Hajiya, na ga dokin ƙofarsu ya ma fi namu na da tsayi. Babu wanda ya tuna da shi a cikinmu. Na ce bari in nemo maza su ɗaga ta.

"Kul," in ji Inna. "Shiga ki yi sallama."

Can sai muka ji ƙarar sanda a soro, a hankali, ana yi ana hutawa. Hajiya ta fito surukarta na riƙe da ita, ta zauna daɓas a kan dokin ƙofar, wurin da take korar mu da tsintsiya muna yara wai zama a nan ba kyau. Suka kalli juna, hawaye na zuba, babu mai sharewa.

"Ashe mota aka saya miki," in ji Hajiya.

"Har da direba," Inna ta ce, ta nuna ni da haɓa. Sannan ta juyo gare ni. "Je ki gida, ki dawo in an kira magariba. Akwai magana."